Mutum na biyu a cikin tabarau

Duk yaron da ya zo koyon aikin VR a wurina, aikinsa na farko kofin shayi ne. Zai gina ɗaki ɗaya da tebur ɗaya, ya ajiye kofi a kai, ya ɗora manhajar a kan tabarau biyu, ya saka ɗaya ni in saka ɗaya, sannan ya miƙo mini kofin in karɓa. Yawancinsu dariya suke yi idan na faɗa, don sun zo ne da burin gina Kasuwar Kurmi sukutum, da 'yan dako da masu turare da komai. Bayan mako biyu sai ka tarar da yaro ya dafe kai. Kofi na karkarwa a tsakanin hannuwanmu kamar mai masassara, ko ya ɓace a idona alhali shi yana ganinsa a hannunsa, ko kuma ya zama biyu kowa ya kama nasa. A nan nake ce masa, "Ƙanena, sannu da zuwa. Yau ka shigo sana'a."

Ga wanda bai taɓa sakawa ba, abin da muke kira hedset a bakin aiki, ni kuma na fi son ce masa tabarau, ɗan akwati ne da ake ɗaurawa a fuska, da allo a ciki da gilasai biyu, kowane ido da hotonsa. Ka juya kai hoton ya juya tare da kai, har ƙwaƙwalwa ta yarda cewa kana wani wuri dabam. Jefa mutum ɗaya cikin wannan duniya yau ba abin a zo a gani ba ne, ɗalibi mai matsakaiciyar kwamfuta zai iya yi da yamma ɗaya. Shigo da mutum na biyu shi ne wahalar, kuma shi ne tsohon burin masu wannan fage tun kafin a haifi yawancinmu.

A 1968 Ivan Sutherland da ɗalibinsa Bob Sproull suka haɗa wanda ake ɗauka a matsayin tabarau na farko a Jami'ar Harvard. Ƙarfen da ke bin motsin kai daga rufin ɗaki ya sauko, ya yi reto a saman mai kallo, shi ya sa aka yi masa laƙabi da Takobin Damokilis, wancan takobi na labarin Girkawa da aka rataye da silin gashi a saman kan wani bafade. Abin da ake gani a ciki bai wuce zanen layuka ba. Shekara 21 bayan haka, a 1989, kamfanin VPL na Jaron Lanier da ke Kalifoniya ya nuna wani tsari mai suna RB2, wato duniyar da aka gina don mutum biyu. Kowa da tabaransa da safar hannu mai jin motsin yatsu, su ga juna, su ɗaga wa juna hannu. A bayan labule kuwa manyan kwamfutocin Silicon Graphics ne ke nishi, kuma kuɗin tsarin ya kai dala dubu ɗaruruwa. Mai iya saye sai babbar jami'a, sai soja, sai irin su NASA. VPL bai yi nisa ba ya durƙushe.

Amma idan ka tambaye ni wa ya fi bar mana gado, zan ce sojojin Amurka ne, da wani aiki da ko tabarau babu a cikinsa. Daga 1983 hukumar DARPA ta fara SIMNET, inda aka haɗa akwatunan koyon tuƙa tankar yaƙi masu yawa ta layin sadarwa, domin sojoji su yi atisaye tare a fili ɗaya na kwamfuta. Layukan wancan zamani ba za su ɗauki rahoton kowace tanka a kowane lokaci ba. Sai suka yi dabara irin ta matuƙan jirgin ruwa na da: kowace kwamfuta ta riƙa ƙiyasta inda sauran tankoki suka kai, bisa gudunsu da inda suka dosa. Mai tankar kuma yana yin wannan lissafi a kan kansa, ba ya aika saƙo sai ya ga ƙiyasin da ake masa ya kauce wa gaskiya fiye da kima. Wannan dabara har yau ita ce ƙashin bayan duk wasan da mutane da yawa ke yi tare ta intanet. Abin da kake gani na abokin wasanka, rabinsa labari ne da ya iso, rabinsa zato ne da na'urarka ta yi.

Shekarun 1990 sun zo da hayaniya. Kamfanin Virtuality na garin Lesta a Ingila ya baza injinansa a gidajen wasa daga 1991, kuma wasansu Dactyl Nightmare har mutum huɗu ke iya shiga su harbi juna, wani ƙaton tsuntsu yana saukowa ya sure wanda ya yi sake. Sega ta yi alkawarin tabarau na gida, ta fasa. Nintendo ta fitar da Virtual Boy a 1995, hoto ja da baƙi kawai, bai yi shekara a kasuwa ba aka janye shi, kuma ko guda 800,000 ba a sayar ba. Abin da ke ba ni dariya game da shi, akwai kafar da aka tanada a jikinsa don haɗa na'ura biyu a yi wasa tare, amma kebul ɗin bai taɓa fitowa kasuwa ba. Daga nan fagen ya yi tsit kusan shekara goma sha biyar. A cikin wannan shirun ne masu wasannin kwamfuta na yau da kullum suka ci gaba da aikin. A ƙarshen 1996 John Carmack ya fitar da QuakeWorld, inda kwamfutarka ke motsa ka nan take idan ka danna, ba ta jiran izinin saba, wato kwamfutar da ke haɗa 'yan wasan, daga baya a gyara idan an sami saɓani. A riƙe wannan suna, zai dawo.

Ya dawo a 2012, lokacin da ya ɗauki wani samfuri da aka ɗaɗɗaure da salatif ya kai bajekolin E3. Wani matashi ɗan shekara 19, Palmer Luckey, shi ya haɗa shi. A watan Agustan shekarar Oculus ta nemi gudummawar dala 250,000 a Kickstarter, jama'a suka zuba mata kusan miliyan 2.4. Na'urar farko ta masu gina manhaja, DK1, ta fito a 2013 a kan dala 300. Juyawar kai kawai take ji. Idan ka sunkuya gaba duniyar ta biyo ka kamar an manna ta a fuskarka, cikinka kuwa ya juya. A watan Maris na 2014 Facebook ya saye kamfanin a kan kusan dala biliyan 2, wasu da suka ba da gudummawa suka yi ta kumfar baki, wasunmu kuma muka ce to, ashe abin ba wasan yara ba ne.

Ni a zamanin DK2 na shigo, wadda ta fito a tsakiyar 2014. Wani ɗan'uwana da ke karatu a waje ya taho mini da ita a jakar hannu. Allon cikinta na wayar Galaxy Note 3 ne, kuma tana da 'yar kyamara da ake ɗorawa a saman kwamfuta don ta ga inda kanka yake. Haɗa ta kaɗai aikin yini ne: kebul na hoto, kebul na USB, siririyar waya tsakanin kyamara da akwati, sannan ka zauna kana lallashin Windows ta yarda cewa wannan allo na biyu ba talabijin ba ne. A lokacin babu wani abu mai suna ɗora manhaja a kan tabarau, domin tabarau ba shi da ƙwaƙwalwa, allo ne kawai a ƙarshen igiya. Manhajar tana kwamfuta. Idan kana son wani ya gwada aikinka, ka kwafa masa fayiloli a filasha, ka yi addu'a tasa kwamfutar ta yi daidai da taka. Gwajin mutum biyu kuwa na nufin kwamfuta biyu masu ƙarfi, ni kuma ɗaya gare ni. Shekara guda cur ina rubuta manhajar mutum biyu, mutum na biyun akwati ne mai ido biyu da nake tuƙawa da madannai a wata tsohuwar laftof.

A gefe guda kuma hanyar waya ta buɗe. Google ta raba Cardboard a 2014, kwali da gilasai biyu, ka zura wayarka. Samsung da Oculus suka yi Gear VR, wanda ya fito ga jama'a a ƙarshen 2015 a kan dala 99. A nan muka fara sanin ɗanɗanon mai gadi. Kafin manhajar gwaji ta buɗe a Gear VR sai ka ɗauko lambar shaidar wayar, ka kai shafin kamfani, a ba ka ɗan fayil da ake kira osig, ka cusa shi cikin aikin, ka sake ginawa. Waya goma, fayil goma. Ka manta ɗaya, ranar nuni ta ƙi buɗewa a gaban baƙi. Alherin da aka samu a wannan zamani shi ne dabarar da Carmack ya dage a kanta: idan waya ta makara wajen zana sabon hoto, a ɗauki tsohon a karkata shi daidai da inda kai ya juya. Ƙarya ce ake yi wa ido, amma ita ta hana mutane amai.

Shekarar 2016 ita ake kira shekarar VR. Rift na Oculus ya fito a Maris a kan dala 599, HTC Vive a Afrilu a kan 799 da akwatunansa biyu da ake kafawa a kusurwar ɗaki, PlayStation VR a Oktoba. Hannaye suka shigo, kuma da shigowarsu komai ya canja. Kai kaɗai da ke shawagi ba ya kama da mutum. Amma kai da hannu biyu, ko da babu jiki, ko da ƙwallo uku ne kawai, za ka gane abokinka daga yadda yake karkata wuya idan yana sauraro, da yadda yake yarfa hannu idan ya ƙi yarda. Ranar da na fara ganin haka tsigar jikina ta tashi. AltspaceVR, Rec Room da VRChat duk a kan wannan gaskiya suka ginu. Sai dai har lokacin kowane mutum yana buƙatar kwamfuta mai tsada da igiya a ƙeyarsa. A shekarar ce Judith Okonkwo ta buɗe Imisi 3D a Legas, kuma a 2019 Joel Kachi Benson ya ci kyauta a bikin finafinai na Benis da fim ɗinsa na VR, Daughters of Chibok. Na ambace su ne don a san ba 'yan kallo kawai muka zama ba, ko da yake fim hanya ce dabam da tawa.

An tsinke igiya ranar 21 ga Mayu, 2019, da fitowar Quest na Oculus a kan dala 399. Kyamara huɗu a jikinsa suna kallon ɗaki suna gane inda yake, ƙwaƙwalwar waya ta Snapdragon 835 a ciki, tsarin Android a ƙarƙashi. Daga ranar sana'armu ta koma sana'ar masu manhajar waya, kuma matakan da muka koya a lokacin kusan su ne har yau. Ka yi rajista a matsayin mai gina manhaja, ka ƙirƙiri "ƙungiya" ko da kai kaɗai ne a ɗakinka, a tantance ka da lambar waya ko katin banki, sannan ka kunna yanayin magina a manhajar wayar da ke haɗe da tabaran. A Unity, manhajar da muke ginin da ita, ka juya aikin zuwa Android, ka zaɓi ARM64 da IL2CPP, ka matse hotuna da ASTC, ka gina, a ba ka fayil guda na APK. Ka soka kebul, ka rubuta adb devices. Idan ka ga lambar na'ura da kalmar da ke nuna ba a ba ka izini ba, to tambayar tana can cikin tabaran tana jiranka, sai ka saka shi ka amsa. Idan ba ka ga komai ba, kafin ka zargi kowa canja kebul, domin da yawa daga waɗanda ake sayarwa a bakin titi na caji ne kawai, babu wayar bayanai a cikinsu. Sai adb install, manhajarka ta je ta ɓuya a wani lungu na jerin manhajoji da aka ware wa abubuwan da ba a san asalinsu ba.

Wannan sauƙi yana da farashi. Tabarau mai sabunta hoto sau 72 a sakan yana ba ka milisakan 13.9 ka gama komai: lissafin motsi, saƙonnin intanet, sauti, da zanen ido biyu. A sau 90 kuwa 11.1 ne. Da kwamfuta muna da katin zane mai fanka uku. Yanzu waya ce ɗaure a goshi, kuma idan ta yi zafi da kanta take rage gudu. Wanda ya gwada aikinsa a ofis mai sanyi, ya zo ya nuna shi a aji mai rufin kwano a watan Afrilu, zai ga abin da nake nufi bayan minti ashirin. Mun koyi rage fitilu, haɗe abubuwa don a zana su a tashi ɗaya, zana ido biyu da umarni guda, da barin gefen hoto ya ɗan dusashe tunda ido tsakiya yake kallo. Kuma kowane mutum da ya shigo ɗakin kaya ne a kan wannan ɗan lokaci. Masu yi wa surorin VR ba'a cewa ba su da ƙafafu, har Meta, wato kamfanin Facebook bayan ya canja suna, ta sha wannan tsiya a 2022, ba su san dalili biyu ba ne: na'urar ba ta ganin ƙafarka, kuma ƙafafun mutum ashirin suna cin milisakan.

Bari in koma kan kofi, don a nan gizo ke saƙa. Abin da ake aikawa game da mutum ɗaya kaɗan ne ƙwarai. Kai da hannu biyu, kowanne lamba uku na wuri da huɗu na juyi, lamba 21 ke nan, bayit 84. Ko sau 20 ka aika a sakan bai kai kilobayit biyu ba. Ko da ka koma bin yatsu, inda kowane hannu ke da gaɓa 26 a ma'aunin OpenXR, layin yau zai ɗauka. Matsalar lokaci ce. Saƙonni ba sa isowa a jere kamar sahun salla, wani ya makara, wani ya ɓata. Dabarar tanka kuma ba ta cika aiki a kan hannu ba, don tanka ba ta juyawa farat ɗaya, hannun ɗan Adam kuwa yana yi. Saboda haka muke riƙe saƙonni na ɗan lokaci, kamar kashi ɗaya cikin goma na sakan, mu nuna maka abokinka yadda yake ɗazu, muna cike giɓin da ke tsakani. Kanka da hannunka kuwa ba sa jiran kowa, nan take ake zana su, in ba haka ba jiri ya kwashe ka. To ga ka a yanzu, ga abokinka a ɗazu, ga kofi a tsakani. A lokacin wa kofin yake?

Amsar da aka daidaita a kai ita ce kowane abu yana da mai shi, kuma na'urar mai shi ce ke faɗin inda yake. Ka kama kofi, na'urarka ta ɗauka ya zama naka nan take, ta aika neman tabbaci. Idan mu biyu muka kama a tare, saba ta raba gardama, wanda ya sha kaye kofin ya zame daga hannunsa. Idan na jefa maka, nawa ne yana iska har sai ka cafe. Faɗa da baki minti ɗaya ne. Amma sai ka yanke abin da zai faru idan mai kofin sabis ɗinsa ya yanke yana riƙe da shi, da abin da wanda ya shigo a makare zai gani, da wanda zai gaji ɗakin idan wanda ya buɗe shi ya cire tabarau ya tafi salla, na'urar ta yi barci. Wannan na ƙarshen a masallacin unguwarmu na gano shi, ina sahu ina tunanin mutum biyar da na bari a ɗakin da ya mutu. Allah Ya yafe mini.

Kayan aikin haɗa mutane su ma sun yi ta kwan-gaba-kwan-baya. Unity ta kawo UNet a 2015, ta sanar da yin watsi da shi a 2018 tun kafin magajinsa ya nuna. Masu sa kai suka ɗauki gawar suka raya ta da sunan Mirror. Da yawa suka koma Photon na wani kamfanin Hambag a Jamus, wanda a lokacin yake ba da mutum 20 a lokaci guda kyauta, isasshe ga mai koyo. Normcore ya zo da VR a ransa tun daga tushe. Unity ta ɗauko MLAPI a 2020, ya zama Netcode for GameObjects, cikakkensa ya fito a 2022. A ɓangaren tabarau kuwa an sami sauƙi na gaske da OpenXR, ma'aunin da ƙungiyar Khronos ta fitar a Yulin 2019. Kafin shi kowane kamfani da yarensa, ka rubuta wa Rift dabam, Vive dabam. Yanzu aiki ɗaya, da 'yan gyare-gyare, zai hau Quest ya hau Pico.

Kurakuraina a wannan ɓangare sun isa littafi. Na taɓa kwana biyu ina neman dalilin da ya sa tabarau biyu da ke kan tebur ɗaya ba sa ganin juna. Na bar kowanne ya zaɓi sabar da ta fi kusa da shi, ɗaya ya zaɓi Turai, ɗaya Afirka ta Kudu, kowa ya buɗe ɗaki mai suna iri ɗaya yana zaune shi kaɗai. Wani karon ɗaya na ɗauke da ginin jiya, ɗaya na yau, tsarin ya raba su kamar yadda ni da kaina na umarce shi. Na taɓa mance neman izinin makirufo, mutane suka shiga suna ta motsa hannu kamar kurame. Mafi ciwo, na ɓatar da mabuɗin sa hannu, ɗan fayil ɗin da ake hatimce APK da shi. Android ba ta yarda sabon gini ya hau kan tsoho sai hatiminsu ɗaya. Sai da muka bi tabarau goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya muna gogewa muna sake ɗorawa, bayanan ɗalibai na cikinsu suka tafi. Mai wurin da nake wa aikin ya dube ni ya ce, "Injiniya, wannan ma cikin aikin ne?" Na ce, "Ranka ya daɗe, cikin sakacina ne."

Sai batun ƙofa. Lokacin da Quest ya fito, shagonsa a tsuke yake: sai ka aika takardar bayanin abin da kake son ginawa, a duba, a ce maka ci gaba ko a'a. Waɗanda aka bari a waje suka taru a SideQuest, wanda ya fito a 2019 ya mayar da adb abin danna maɓalli ɗaya. A Fabrairun 2021 aka buɗe App Lab, ƙofar baya ta halal, manhajarka na nan amma sai mai adireshinta zai same ta. A 2024 aka haɗe shi da babban shago. Abin da ya faru a tsakani ya isa darasi ga duk mai tsaron ƙofa. Gorilla Tag, wanda mutum ɗaya, Kerestell Smith, ya fara, ya fito a farkon 2021 ta waɗannan ƙananan ƙofofi. Birai ne marasa ƙafa, hoto kamar na shekara ashirin baya, kana tafiya da turin hannu kana bin abokai kana taɓa su, wato wasan guje-guje na yara. Ya tara miliyoyin 'yan wasa kafin ya shiga babban shago a Disambar 2022. Mai shi ya gane cewa mutane ne kayan wasan. Shiga shago har yau yana da sharuɗɗa, kuma ban ga laifin yawancinsu ba: kada hoto ya riƙa sarƙewa, lambar gini ta riƙa hawa, kuma idan kana son sunan mai wasa ko lambar shaidarsa sai ka bayyana abin da za ka yi da su.

Mutum na biyu kuma ba kullum yake zuwa da alheri ba. Abin da a wasan allo zagi ne kawai, a tabarau mutum ne ya matso har numfashinka, ya kai hannu jikinka. A Fabrairun 2022 Meta ta sa wa Horizon Worlds da'irar da ke hana wani matsowa kusa fiye da kamar ƙafa huɗu, bayan koke-koken mata. Ni yanzu maɓallin toshe murya da na korar mutum suna cikin abin da nake ginawa a makon farko, kafin in yi wa bango fenti.

Akwai abu ɗaya da babu kamfanin da zai gyara mana. Haske a cikin wayar gilashi yana cin kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, kebul ɗin MainOne daga Legas zuwa Fotugal kusan 7,000, sannan a ƙara hanyar tudu zuwa inda sabobin suke a tsakiyar Turai. A ce 10,000 gaba ɗaya. Idan ni da kai muna ɗaki ɗaya a Kano amma sabarmu tana can, ɗaga hannuna zai yi milisakan 50 a tafiya, 50 a dawowa, kafin a lissafa jinkirin na'urorin hanya da na ajiyar da muke yi da gangan. Ga hira da koyarwa wannan ba komai. Ga miƙa kofi ana ji. Ga cafe ƙwallo kuwa sai an yi wa ido ƙarya mai yawa. Shi ya sa duk aikin da mutanensa za su taru a gini ɗaya, nake sa saba a laftof a kusurwar ɗakin, da rauta tamu, ba ruwanmu da intanet. Da ƙaramin batiri ko an ɗauke wuta aiki na tafiya, in dai da hasken da kyamarorin za su ga bango, don a duhu tabarau makaho ne. A kuma kiyaye kada rana ta haska gilasan, tana ƙona allon kamar yadda yara ke ƙona takarda da madubi.

Quest 2 ya zo a 2020 a kan dala 299, Quest 3 a 2023 da kyamarori masu nuna ɗakinka da launi, Apple Vision Pro a 2024 a kan dala 3,499. Na'urori sai kyau suke ƙarawa. Amma jerin da na fi dubawa shi ne na waɗanda suka rufe. Microsoft ta kashe AltspaceVR a Maris na 2023. Echo VR, wanda a ganina babu wasan tare da ya kai shi tsari, an kashe sabobinsa ranar 1 ga Agustan shekarar, 'yan wasansa na roƙo. Mozilla ta rufe Hubs a ƙarshen Mayun 2024. Manhajar mutum da yawa rabinta ne kawai ke cikin tabarau, ɗaya rabin yana kan kwamfutar wani da ake biya duk wata, da dala.

Don haka ga makarantu da asibitoci da cibiyoyin koyon sana'a da ake kawo wa tayin irin wannan aiki, kada ku sa hannu a kan bidiyo. Ku ce a kawo tabarau biyu a gwada a gininku, da rana tsaka, a kan layinku. Ku sa a rubuta a yarjejeniya cewa za a miƙa muku mabuɗin sa hannu da asalin rubutun manhajar, cewa za ta yi aiki a rautar cikin gida ba tare da intanet ba, kuma a faɗi sunan wanda zai biya kuɗin saba a shekara ta uku.